Carbin Injiniya Bashir

Ina cikin lodin katan-katan na ruwa a kasuwar Ka'akiyya, nan Makka, da safen nan aka kira ni: Injiniya Bashir ya rasu. Wai zuciya ce. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, mai gyaran na'urorin asibiti ne a unguwar Zahir. Haifaffen Makka, amma in ya buɗe baki sai ka rantse jiya ya baro Sakkwato.

Ta dalilin kakata, Inna Hajo, na san shi. Injin oksijin ɗinta na gida allon shafawa gare shi. Ita kuwa ido ya yi rauni, hannu kullum a jiƙe da ruwan alwala. Wata safiya ta shafa ba daidai ba, iskar ta ragu, ta fara haki. Na ruga na kirawo shi.

Ya gyara, amma bai tafi ba. Zama ya yi yana kallon yadda take jan carbi, ido a rufe, ba ta tsallake ko ƙwaya.

Daga nan ya ƙera abinsa: ƙwayoyi irin na carbi a jikin injin. Ka ja ɗaya iska ta ƙaru, ka ji ƙas a yatsanka.

Ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙira, sai wani kamfani ya shigar da ƙara a soke. Wai abu ne a fili, kowane injiniya zai iya tunaninsa. In suka ci, za su kwafa, marayunsa su tashi a tutar babu.

Ranar Juma'a muka rabu, ya saya min shayi.

"Ya Sani, in a fili yake, ina suke duk shekarun nan? Ka zo zaman ƙarar ka faɗi abin da ka gani."

Na ce, "Yallaɓai, bokona bai yi nisa ba."

Ya yi dariya. "Ido na ce ka kawo, ba digiri ba."

To zan je, ko kafilina, wato ubangidana a wurin aiki, ya ba ni hutu ko ya hana.

Allah Ya jiƙanka, Injiniya, Ya sa duk numfashin da tsofaffinmu suka ja ya zame maka haske a kabari. Jama'a, ku sa shi a addu'a, musamman ku da ke kusa da Harami.

Ga lauyansa kuma, ba ni kaɗai na ga abin da ya faru a waccan safiyar ba. Lokacin Malam Idi mai wanki yana bakin ƙofa. Anti Rabi ce ke riƙe da buta. Inna Hajo ma tana nan da ranta, ta ce ko a keke ne a tura ta wurin zaman ƙarar.