Wasan da Baba Seidu bai gama ba ni ba

Ranar da ruwan farko ya sauka a shekarar da na shiga aji huɗu, na fake a rumfar Baba Seidu mai gyaran agogo a Tishigu, da tulun da aka aike ni ɗebo ruwa. Na tarar da shi gaban allon dame, wato darar Bature, amma 'ya'yan da ke kai ba na dame ba ne: sarki, sarauniya, dawakai da sojoji, duk ya sassaƙa su da icen kaɗanya. Ces ake kiran wasan. Shi kaɗai yake tura fari, ya tura baƙi.

Ashe maimaita wasan da wani gwani na ƙasar Turai ya taɓa bugawa yake yi, gwanin da ya mutu tun kafin a haifi kakana. Wani Balarabe mai kanti ne ya koya wa Baba Seidu, ya haddace shi kamar karatu. Lokacin idanunsa sun fara dushewa, yana neman yaron da zai riƙe masa wasan kada ya tafi da shi kabari.

Kullum na dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa sai ya zaunar da ni. Gwanin nan ba ya kai hari sai ya fito da kowa daga gida, ya ɓoye sarkinsa, sannan ya ajiye sarauniya a bakin abokin wasa kamar ya manta da ita. Ni kuwa ɗan dame ne, a wurinmu abin da aka ba ka dole ka ci. Sai in fizge ta in buga allo, tas!

"Fuseini, ɗan nema!" in ji shi. "Nan ba dole ba ne ka ci. Tambayi kanka me ya sa aka ba ka."

Zai nuna mini abin da ke biyo baya ke nan sai in ji yara suna buga ƙwallo a fili, in ce, "Baba, gobe." A haka har idanun Baba Seidu suka rufe, 'yarsa ta zo ta tafi da shi ƙauye.

Yanzu jikokina a Dabokpa suna buga ces a waya. Na jera musu wasan har inda aka ba da sarauniya, na tsaya. Ƙaramarsu ta ce, "Kaka, faɗi sunan gwanin kawai, yanzu za mu nemo sauran."

Ban taɓa tambayar Baba Seidu sunan gwanin ba.