Layin da Baba Ya Tsallake

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa ƙannena, "Ku kira min wancan." In wani ya yabe ni a gabansa sai ya kau da kai ya sako maganar damina. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, don kakana ma haka ya yi masa, haka kuma ake yi a duk unguwarmu a Kabo. Kunyar ɗan fari ce. Ban san tana da haƙora ba sai shekarar da nake gama sakandare.

Gidanmu gidan malamai ne. Kakana yana da makarantar allo, Baffa, wato ƙanin Baba, yana koyarwa a Islamiyya, Baba ne kaɗai ya karkata ga boko ya zama malamin lissafi a wata sakandare a Gwarzo. Can nake karatu ni ma, kullum da safe ya goya ni a tsohon babur ɗinsa mu tafi, ba ya ce min uffan ni ma ba na cewa.

A bayan ajujuwa akwai filin ƙwallon kwando, siminti ne duk ya tsattsage, kwandunan ko raga babu, zoben ƙarfe ne kawai. Tsawo ne ya kai ni filin. Malamin wasanni ya gan ni ina sunkuyawa kafin in shiga aji, ya ce daga ranar na zama nasa. Lokacin an ƙaddamar da Shari'a ba da daɗewa ba, gari ya ɗauka, ko'ina ka zauna maganar ke nan, har ta iso kan gajeren wandonmu. Inna ta warware mana rigimar da kanta: ta ƙara wa nawa ƙyalle har ya rufe gwiwa. Wandon shuɗi, ƙarin ruwan goro. Na sha dariya a wurin abokai, amma ba a yi nisa ba duk suka kai nasu wurin tela.

Abin da ya fi wando damunmu shi ne rayuwa. Komai ya yi tsada, man fetur sai a wurin 'yan cuwa-cuwa, waɗanda suka riga mu gamawa kuwa ga su nan a bakin tasha, mai sa'a a cikinsu shi ne wanda ya samu babur yana acaɓa. Na san ƙarfin Baba, na san yawan ƙannena, na san babu maganar jami'a. Shi ya sa da aka fara raɗe-raɗin wata ƙungiyar ƙwararru ta Kano, wadda take biyan 'yan wasanta albashi har ta sa su makaranta, tana neman yaro ɗaya daga yankinmu, sai na kasa tunanin komai sai wannan gurbin.

Matsalar ita ce ni ba mai cin ƙwallo ba ne. Mai ci shi ne wani abokina ɗan Getso, siriri, mai hannu kamar an auna. In ya jefa daga nesa ta shiga, sai 'yan kallo su ɗauke wurin da ihu. Ni aikina a ƙarƙashin kwando yake: in cafe ƙwallon da aka jefa ba ta shiga ba, in tare hanya abokina ya samu sarari, in hana dogon ɗaya ɓangaren sakat. Irin aikin da babu mai tafa masa. Ana tashi daga wasa kafaɗuna sun yi tsami, shi kuma ana ɗaga shi sama.

Baba ya shigo harkar ne ba da niyya ba. Malamin wasanni ya roƙe shi ya riƙa rubuta mana maki, tunda shi ne mai lissafi. Ya yi wasa ɗaya ko biyu ya ce wannan ba lissafi ba ne, ƙirgen awaki ne. Ya ce cewa wane ya ci kaza ba ta gaya maka komai sai ka san sau nawa ya jefa kafin ya ci, da sau nawa ya zubar da ƙwallon ga abokan hamayya. Daga nan ya ƙara zurfi. Ya samu agogo ya riƙa lura da lokacin da kowane yaro ya shiga fili da lokacin da ya fita, sannan ya duba: sa'ad da wannan yaron yake ciki, mu muke gaba ko su? Da ya fita fa, me ya faru? Ya raba abin da ya samu da mintunan da yaron ya buga, don kada wanda ya daɗe a fili ya cuci wanda bai daɗe ba. Ya tara na wasanni da yawa, don a cewarsa wasa ɗaya yana iya yin ƙarya, amma shekara guda ba ta yi.

Duk ranar Litinin sai ya zuba mana sakamakon a kan allo, da shi yake koya mana kaso cikin ɗari da matsakaici. Ba ya rubuta suna, lambar riga yake rubutawa. Ya bi layi-layi yana bayani: wannan yana yawan jifa ba ya auna, wancan ƙafarsa tana mutuwa bayan hutun rabin lokaci. In ya zo kan lambata sai allin ya yi tsalle ya sauka a layi na gaba. Aji ya kwashe da dariya, shi kuwa ko gezau. Amma allo ba ya jin kunya. Mako bayan mako lambata tana sama. In ina ciki muna cin su, in na fita su fara rama mana. Kowa a ajin ya gani, har ɗan Getso da kansa yakan ce min, "Kai dai kada ka fita, in ka fita hannuna ma daina aiki yake." Na ji daɗin allon nan fiye da yadda zan iya faɗa. Shi ne kaɗai wurin da Baba yake magana a kaina.

Kocin ƙungiyar nan ta Kano ya zo ranar wata Alhamis da la'asar, muna da wasa da wata makaranta. Dogon mutum ne, ya buga a Legas ya buga a ƙasashen waje, a bariki ya tashi. Hausa a bakinsa tas, ba za ka kama shi da komai ba. Ya kalli wasan yana harɗe da hannu. Muka ci. Ɗan Getso ya yi abin da ya saba, ni ma na yi nawa.

Da aka tashi malamin wasanni ya gabatar masa da Baba a gindin darbejiya, mu muna zaune a ƙasa kusa da su muna shan ruwa. Aka gaisa aka daɗe ana gaisawa. Da Baba ya fara bayanin lissafinsa sai na ga kocin ya sauke hannu ya matso.

"Malam, a ina ka koyi wannan?" in ji shi. "Manyan ƙungiyoyin waje yanzu suke fara irin wannan aikin. Har ma'aikata suke ɗauka a kai."

"Ai lissafi ne kawai, yallaɓai," in ji Baba. "Duk inda aka je iri ɗaya ne."

"To ni wasa ɗaya na gani, kai ka ga na shekara. Bi min su ɗaya bayan ɗaya. Abin da lissafinka ya ce, shi zan bi."

Gabana ya faɗi, amma faɗuwar murna. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya kawo ni.

Baba ya fara, da ka yake yi, bai duba komai ba. Ya yi maganar yaron Kutama mai gudu, ya faɗi amfaninsa da inda yake da rauni. Ya yi maganar ɗan Getso, ya yabi hannunsa, ya ce yana zubar da ƙwallo amma gyara zai yi. Ya bi kowa har 'yan benci. Ina jin lambata tana matsowa. Da ta zo, sai ya gyara hularsa ya ce, "To, su ke nan, yallaɓai."

Kocin ya nuna ni da haɓa. "Wancan dogon fa, mai wando kala biyu?"

Baba bai ko kalli inda nake ba. Ya ce, "Yana dai taɓawa."

Yana dai taɓawa! Duk wani mutumin Kabo da ya ji wannan ya san uba ne yake magana, ya san sai ya juya ya tambayi wani. Malamin wasanni ya yi sauri ya ce, "Yallaɓai, ai ɗansa ne, ɗan fari. Shi ya sa."

Kocin ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba shi hujjar da yake nema. "Na gane," in ji shi. "Malam, na ƙara girmama ka. Da wani ne da ɗansa zai fara. Kai kuwa lissafi bai nuna shi ba, ba ka cusa shi ba."

Malamin wasanni ya buɗe baki, amma ga Baba a tsaye, babba ne a kansa, bai musa ba, to shi wa zai ƙaryata? Ya ce dai ko za a leƙa aji a ga allo. Aka ce ai tun Talata aka goge, an yi wani darasin. Kocin ya duba agogo ya ce yana so ya shiga Kano kafin magariba. Ya kira ɗan Getso ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa ranar da zai zo. Ban ji haushin abokina ba, ko a lokacin. Ya kalle ni kamar zai yi kuka.

A hanyar gida na yi abin da ban taɓa yi ba. Muna wuce gonakin bakin gari na ce, "Baba, lissafin wa ya nuna?"

Iska tana kaɗa rigarsa, na ɗauka bai ji ba. Can ya ce, "Ka san wanda ya nuna."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In tsaya a gaban baƙo da ɗalibaina in yabi abin da na haifa? Da wane bakin?" Can ya ƙara da cewa, "Na ɗauka zai tambayi wani. Kowa ya san wani ake tambaya."

Na so in ce masa mutumin ba kowa ba ne, na so in ce abubuwa da yawa. Na ji haushinsa ranar nan, haushi na gaske, har na riƙe ƙarfen bayan babur maimakon in riƙe shi.

Ya damu, wannan ba sai an gaya min ba. Abinci ya koma kamar yadda aka kai masa. Da safe ya yi abin da ya sani: in uba ba zai iya magana ba, ƙaninsa ne yake yi. Ya kira Baffa, ya zaunar da shi a zaure ya yi ta yi masa bayani, Baffa yana "to, to." Ya sa masa mai a babur, man da zai kai mu makaranta kwana da kwanaki, ya tura shi Kano. Baba bai rubuta lissafin a takarda ya ba shi ba, wannan bai ma zo ran kowa ba. Da na ji daga baya na tambayi Inna, ta ce ai rubuta yabon ɗanka ka aika ya fi faɗarsa muni.

Baffa mutumin kirki ne, ya san Alƙur'ani ya san fiƙihu, amma bai taɓa tsayawa ya kalli ƙwallon kwando ba, kuma raba abu da mintuna ba fanninsa ba ne. Ya dawo bayan la'asar. Ina cikin ɗakin da ke jikin zaure, katanga ce kawai a tsakaninmu.

"Ka same shi?" in ji Baba.

"Na same shi, Yaya. Ya karɓe ni hannu biyu, har lemo ya sa aka kawo."

"Ka gaya masa lissafin?"

"To, na gaya masa yaron nan mai ladabi ne, ba ya wasa da salla, bai taɓa ɗaga wa babba murya ba. Lissafin kuwa na fara sai ya sarƙe min. Ya ce ai ya ji daga bakinka, babu wanda ya fi ka sani. Ya ce kuma sun rufe, sun riga sun kai sunaye."

Sai na ji muryar Baba ta tashi, abin da ban taɓa ji ba a gidan nan.

"Ladabi na aike ka ka faɗa? Ladabi yake nema? Yaron nan duk wasan da ya buga sai ya ɗaga su! In yana ciki babu mai zuwa kusa da kwandonmu. Abin da yake cafewa ya fi na mutum biyu. Wancan da suka ɗauka, rabin abin da yake ci wannan ne yake buɗe masa hanya. Na auna ta gaba na auna ta baya, na sake aunawa don kada a ce son kai ne. Tunda nake kallon yara a filin nan ban ga kamarsa ba. Ban ga kamarsa ba, wallahi!"

Muryar ta karye a ƙarshe. Baffa yana ta cewa, "Yi haƙuri, Yaya, yi haƙuri."

Na zauna a bakin katifa. Duk abin da kocin yake buƙatar ji ke nan, tsaf, babu abin da ya rage, an faɗa wa Baffa da katangar zaure. Na so in fita in tsaya a gabansa. Amma na san in ya gane na ji, ba zai sake iya haɗa ido da ni ba. Sai na fita ta ƙofar baya a hankali, na zagaya ta lungu, na dawo ta ƙofar gida na yi sallama da ƙarfi kamar yanzu na dawo daga masallaci.