Kwali a Ƙarƙashin Keken Ɗinki

Na yi shekaru ina ɗinki a wata ƙaramar masana'anta a bayan garin Funtua, muna ɗinka wa wani kamfanin Legas kayan ma'aikata. Maƙwabciyata a layi 'yar Kafur ce mai goyo. Ba ta da wanda za ta bar wa yarinyar, sai ta shimfiɗa mata ƙyallaye a kwali a ƙarƙashin kekenta. Ƙarar keken ma ita ke sa ta barci. Kowa ya sani, har manaja, amma ya kau da kai.

Sai aka ce kamfanin zai turo mai bincike. Ranar mun sha kallo. Aka share ko'ina, aka buɗe ƙofar baya da ta shekara da kwaɗo, aka raba mana takunkumin rufe hanci sabo fil. Manaja ya ce in aka ga jariri a ɗakin ɗinki kwangila ta tafi, uwar kuma za ta riga ta fita. Aka kai yarinyar sito wajen tsohuwa mai shara.

Mai binciken Bayarabiya ce, haifaffiyar Malumfashi, Hausa a bakinta kamar tamu. Duk ma'aikaciyar da matar ta tambaya ya aiki, sai ta ce da godiya. Ni ma haka na ce, duk surutuna. Da ta iso kan maƙwabciyata sai ta tsaya. Nono ya jiƙa wa maƙwabciyar tawa gaban riga, tana ta jan mayafi tana rufewa.

"'Yar'uwa, ina jaririn?" ta tambaya a hankali.

Maƙwabciyata ta sunkuyar da kai. Ni ce na nuna sito. Wallahi tausayi ne ya ja ni, tun safe yarinyar ba ta sha ba.

Matar ta rubuta cewa dole a ware ɗakin raino, ta kuma ja wa manaja kunne kada ya kori kowa. Bayan wata biyu aka kwashe siton, aka sa tabarmi da fanka. Mata da yawa sun more shi, har da ni da na haifi autana.

Maƙwabciyata ba ta ga ɗakin ba. Ba korarta aka yi ba, cewa aka yi ta zauna a gida sai an gama gyara, kekenta kuma aka ba wata. Ta koma Kafur tsinkar auduga. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Bara na gamu da ita a kasuwar Danja, yarinyar har ta isa riƙe mata kwando. Na fara ba ta haƙuri, sai ta tari numfashina.

"Yaya, wai da gaske har fanka aka sa musu?"