Laraba Mai Rakiya da Zanen Cikin Munira

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko a tashar Gazawa, Inna Laraba ta riga ta kama kujerar gaban mota, ta zaunar da majinyacinta, ita ta koma baya ta matsu tsakanin buhunan wake. Kayanta buta ne da tabarma da ƙullin fura, sai baki mai kaifi da jandarmomin hanya suka daɗe da sani. Shekara da shekaru aikinta ke nan: ta ɗauki wanda ciwon daji ya kama, ta ƙetare iyaka da shi zuwa babban asibiti a Najeriya inda ake gashi da na'ura, domin duk faɗin ƙasarmu babu irinta. Bana sojoji na shirin miƙa mulki, motocin 'yan takara sun cika mana kunne daga Agiye har Gidan Rumji, amma ba wadda ta taɓa rage wa Laraba hanya da majinyaci. Abin da ciwo, kuma abin kunya ne.

Mutanen wani ƙauye kusa da Agiye ba su manta da maganar Munira ba. Ciwon ya fara mata a nono, aka cire, ya koma hanta. Tana da 'ya mai rarrafe, ba ta roƙon komai sai ta ga yarinyar ta taka ƙasa. Laraba ta kai ta. Likitoci suka ɗauki hoton cikinta, suka gano ƙullutun, suka zana alamomi da tawada a gefenta na dama. Da hoton da zanen ake saita na'ura, hasken ya faɗa kan ciwon ya bar sauran hanta. Layi da tsawo, aka ce ta dawo bayan Sallah, tare da kashedi: kada a goge zanen, kada fatar wurin ta ji rauni. In fatar ta yi miki, ba gashi, sai ta koma ƙarshen layi, Munira kuwa ba ta da kwanakin jira.

Laraba ta san mutanenta, saboda haka ba ta jira ranar tafiya ba, ta hau babur ta leƙa ƙauyen. Ta tarar da Munira kwance a tsakar gida, Inusa wanzami ya baje aska da ƙaho, Bakari wan mijinta na tsaye a kansu.

"Malam Bakari, mi kuke shirin yi?"

Bakari ya ce, "Da can lalube muke. Yanzu likita da kanshi ya zana muna wurin. A tsaga nan, a zuƙe mugun jinin, a huta."

"Ciwon na can ciki, ƙaho bai kai wurin. Kuka tsaga ta, layinta ya tahi."

"Matar gidanmu ce. Ke a wa?"

Mijin yana zaune yana zanen ƙasa da tsinke. Laraba ta dube shi, ranta ya ɓaci. Gaban maza ta yaye mayafinta, ta ɗaure cikin Munira da shi, ta durƙusa ta rufe ta da jikinta.

"Inusa, ga bayana. Fara da ni."

Wanzami ya mayar da aska cikin zabira, ya ce shi ba ya tsaga a kan rigima. Ran nan Laraba ta tafi da Munira ɗakinta na Gazawa, da hannunta take goge mata jiki da tsumma tana kauce wa tawadar, har aka shiga layi.

Gashin bai warkar da ita ba, Laraba kuma ba ta taɓa ce wa kowa zai warkar ba. Amma zafin ya lafa, Munira ta ci tuwo, ta ga lokacin kaka, 'yarta ta tako daga bakin ɗaki ta faɗa jikinta. Da damina ta zagayo ta rasu. Bakari ya bi gari yana cewa Laraba ce ta kai ta aka ƙone mata ciki. Da Laraba ta je ta'aziyya ba wanda ya ba ta tabarma. Ta zauna a ƙasa, ta yi addu'a, ta kama hanya.

Ke ce, Inna, aka zaga kika koma tasha washegari. Laraba mai rakiya, ke kika yi aikin da masu lasifika ke yi mana alkawarinsa. Yau gwiwoyinki sun ƙi, ba ki iya taka mota, kuma ba hukumar da ta san sunanki. Mu mun sani, mun gode, Allah ya saka miki.

Saura mu masu lafiyar ƙafa. Yanzu haka akwai wani dattijo a Gazawa da tawada a cikinsa, layinsa ya kusa, kullum da safe yana aikawa a tambayo ko Laraba ta samu sauƙi. Ba za ta tashi ba. A cikinmu wa zai kai shi?