Malamar Jinyar Da Ta Tare Kalma Ɗaya

Kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta, ta riga ta buɗe ɗakin shan magani, ta share, ta ajiye kujeru biyu suna fuskantar juna. Shekara ashirin da shida haka take yi. Yara na ce mata Inna Nas, kuma wannan watan take ajiye aiki.

Wata shekara likitoci suka kawo takardar tambayoyi daga wata ƙasa, wadda ake gane damuwar matasa da ita. An fassara, saura a buga. Suka ce ta gwada a kan yaranta. Da wani ne, da ya sa yara sun cike ya miƙa. Ita kuwa sai ta bi yara ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "Me ka fahimta da wannan?"

Cikinsu akwai 'yar tela. Tun rasuwar uwarta ta daina cin abinci, ta daina magana, uban ya rantse zai cire ta daga makaranta, wai taurin kai ne. Inna Nas ta karanta mata: "Kina yawan baƙin ciki?"

Yarinya ta zabura. "Ni? Allah ya kiyaye, Inna! Ban taɓa yi wa kowa baƙin ciki ba."

Ta ɗauka hassada ake nufi. A takarda kuwa ta fito lafiya ƙalau.

Inna Nas ta je ta tare babban likita. Ya ce, "Malama, masana ne fa suka fassara."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, masanan ne za su amsa, ko yarana?"

Wata huɗu tana sake gwaji da yara ɗari uku, har aka gyara tambayar: "Kina jin ƙirjinki ya yi nauyi, ba kya son ganin kowa?" Da 'yar tela ta ji, sai hawaye. Aka kira uban, aka fara kula da ita. Bana ta gama makaranta.

Ke ce mai kunnen da ba ya gajiya, Inna Nas. Sunanki ba ya jikin takardar, amma mu mun shaida. Allah ya saka miki da alheri.

Ku kuma iyaye, ku daina gamsuwa da "lafiya lau". In yaro ya amsa, ku jawo kujera ku sake tambaya.