Ranar da Na Zama Yayar Surukina

Da na fita takaba, wana ya zo daga wajen Damana da amalanken jaki zai mai da ni gidanmu. Na ce ya bari sai kaka. Mijina ya rasu, 'ya'yana mata suna gidajen mazajensu, gidan bai rage da kowa ba sai ni da mahaifin mijina, wanda gigin tsufa ya kama. Ɗansa guda da ya saura, ƙanin mijina, yana Yamai yana sayar da tsofaffin tayoyi. Ya yi waya ya ce in riƙe masa tsohon har a yanke gero, zai zo ya ɗauke shi. Na yarda. Abin da nake jira ke nan, a yanke gero in tafi. Uwata tana da rai, idonta ya mutu, tana tambayata.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da tsohon nan ba. Haka ake yi a ƙasarmu ta Kurfai. Ba na faɗin sunansa. In yana zaure, sai in cire takalmi in bi ta bayan danga. Ban taɓa kai loma baki yana gani ba. In gaisuwa ta kama, in durƙusa daga nesa in yi magana ƙasa-ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon wani wuri. A da dillalin shanu ne, kasuwar Baleyara ta san muryarsa, amma ni ta bayan zana nake jin ta.

Gigin bai ɗauke masa kunyar nan ba. Yakan ɗauki sanda wai za shi Baleyara, a tsinto shi cikin gonar mutane. Yakan yi sallar la'asar, ya tashi ya sake ta. Amma in na kawo fura, sai ya juya baya har in ajiye in tafi.

Damina na tsaka fitsari ya tsaya masa. Na ga yana ta zagayawa bayan ɗaki yana dawowa yana nishi. Suruka ba ta tambayar surukinta irin wannan. Na kira maƙwabcinmu, wani tsoho da suka yi ƙuruciya tare, ya shiga ya duba shi. Ya fito ya ce marar ta kumbura ta yi tauri kamar ƙwarya, a nemo amalanke.

Tun da aka hana hawa moto, wato babur, a ƙasarmu, jaki ne motar marar lafiya. Aka samo mai amalanke, aka shimfiɗa tsohon, maƙwabcin ya zauna wajen kansa, ni ina bin su a ƙasa. A ƙaramar likitarmu, wato asibitin ƙauye, aka ce ba su da abin aikin, mu wuce gari. Rana ta take, yashi ya riƙe ƙafar amalanke, sojoji suka tsai da mu a shinge suka leƙa suka ce mu wuce. Duk ramin da taya ta faɗa sai tsohon ya yi salati.

A likitar gari akwai ɗakin da ake kai wanda ba ya iya jira. Benci ne a ƙofa, cike da mutane. Ga mai saran maciji da ƙafa ɗaure, ga mace da yaro yana fizga a hannunta. Majo, wato babban mai ba da magani na wurin, wani Bazabarme ne mai furfura a gemu. Ya danna marar sau ɗaya ya ce a shigo da shi. Ya nuna mini wata siririyar roba, tiyo, ya ce ita za a zura ta gabansa fitsarin ya fito.

“Wa ke jinya tai?”

“Ni.”

“To shigo ki riƙe mini hannuwa nai.”

Na shiga. Suka fara kwance masa zariya. Tsohon ya ɗaga kai ya gan ni, kuma a lokacin ya san ni sarai. Ya damƙe wandon da hannu biyu.

“Ku hidda ta! Matar ɗana ce! Ba ku da kunya?”

Na fita da gudu kamar an watsa mini ruwan zafi. Mai amalanke ya shiga, masu jinyar wasu suka shiga taimako. Ina jin gado yana bugun bango. Mutumin da ba ya iya ɗaga buta ya ture ƙarti. Majo ya fito yana share zufa, ya ce da ƙarfi ba ta yiwuwa, in ya motsa ana cikin zurawa za a yaga shi. In kuma aka bar shi haka, ƙoda za ta tafi. Ya ce da ni da Zabarmanci kala suru, wato sai haƙuri, ya koma wajen yaron nan mai fizga.

Ina tsaye jikin taga sai na hangi jakin ya kwance yana cin buhun wata mata. Raina a ɓace yake. Na daka wa mai amalanke tsawa da muryata ta gaskiya, wadda nake kora awaki da ita.

“Kai! Ka zo jinya ko ka zo kallo? Tahi ka ɗaure jakinka!”

Ɗakin ya yi tsit. Sai na ji tsohon daga ciki, da wata ƙaramar murya.

“Yaya? Yaya ce?”

Maƙwabcin ya leƙo ta taga. Ya ce uwarsu ta rasu tsohon yana goye, yayarsa ce ta raine shi, mace mai faɗa da saurin hannu. Ta mutu tun ba a haife ni ba.

“Amsa mai,” in ji shi.

“Baba, in amsa mi? Surukina ne.”

“Surukinki na mutuwa. Ce mai Auta. Haka take kira nai.”

Na ja gyale na rufe rabin fuska na shiga. Na tsaya ta wajen kansa inda ba zai gan ni da kyau ba.

“Auta, kwanta.”

“Yaya, suna so su tuɓe ni.”

“Na ce kwanta. In ka sake motsi sai na ci maka.”

Ya kwanta. Na dafe goshinsa da tafin hannu, na mai da idona bango. Ranar na fara taɓa jikinsa. Majo ya yi aikinsa. Fitsari ya cika leda, aka juye a bokiti, ya sake cika ta. Tsohon ya yi ajiyar zuciya ya yi barci riƙe da bakin zanena.

Na ɗauka sau ɗaya ne. Majo ya ce tiyon zai zauna a jikinsa, a riƙa zuwa ana canzawa. Abin da bai faɗa ba, don shi ma ya sani ba ni da maganinsa, shi ne tsohon ba zai tuna dalilin robar ba. Kullum ya farka sai ya gan ta sabuwa, ya ce wa ya ɗaure shi, ya ja. Wani lokaci ta toshe. Wani lokaci zazzaɓi ya biyo baya, ya riƙa ganin shanu a cikin ɗaki. Kafin gero ya fid da kai, jakin nan ya san hanyar likita ba sai an kora shi ba.

Na koyi abin da zan koya. Na ɗaure ƙunshi guda na rataye a bakin ƙofa, tabarma da buta da garin fura da wando na canji, kada in tsaya nema. Na riƙa ɗaure masa zariya ta baya. Na ba shi kaba ya riƙa tufka igiya, hannun dillali ba ya manta igiya, in yana tufka ba ya lalube. A bencin likita ina zaunar da shi fuska ga bango, don taro da ihu su ke birkita shi. Ba na barinsa ko don fitsarina. Sau ɗaya na je famfo, na dawo na tarar ya kai bakin titi, leda na jan ƙasa.

Ma'aikatan suka saba da mu. In mun shigo sai majo ya ce, “A ba Yaya hanya.” Tsohon kuma yakan dube shi sama da ƙasa ya ce, “Wanga ya tsufa, ba shi jan garma, sai dai mahauta.” Majo ya ce, “Na gode, Alhaji, kwanta a yi ciniki.” Mutane su yi dariya. Ni ba na yi.

Abin da na fi tsoro shi ne ranar da ya tashi da hankalinsa. Mutane suna cewa alhamdu lillahi, yau Baba ya gane kowa. Ranar ba ya bari in matso. Sai ya ga robar, ya ga ni ce ke juye ledar, ya rufe fuska da hula yana hawaye, ya ƙi fura har yamma. In irin ranar ta faɗo a kan ranar likita, sai mu zauna a benci mu jira hankalin ya tafi, mara tana kumbura. Na zauna ina roƙon Allah Ya ɗauke wa mutum hankali. Da na ga idonsa ya fara yawo, sai in tashi in zagaya ta bayansa in ɗaga murya.

A rijiya mata suka fara magana. Wai na tuɓe kunya na rataye, wai ina yi wa uban mijina tsawa kamar ɗan cikina. Wata ta faɗa a gabana. Na ce gobe ta zo ta karɓe ni. Ba ta zo ba.

Aka yanke gero. Ƙanin mijina ya iso da motar haya, wana kuma ya zo da amalanke. Na ɗaure kwanonina da tabarmina tun kafin su zo. Tsakanina da ƙanin miji akwai wasa, da shi ya shigo.

“Matata, kin rame. Kewata ce?”

“Kewar wa? Mijin da ba ya aiko ko sabulu?”

“To ga ni na zo. Hau mota mu tahi, ki bar jakin ga.”

“Jaki ya fi ka zuwa likita. Ɗauki tsohonka, ni na gama.”

Na zaunar da shi na nuna masa komai, yadda ake juye leda, yadda ake ɗaure zariya, kabar tufka. Yana ta cewa to, to, Yamai akwai manyan lokotoro, wato likitoci. Amma tsohon ya ga baƙi suna fitar da kayan ɗakinsa. Muna loda amalanke muka ji ƙara. Ya fizge tiyon gaba ɗaya, har da ɗan ƙullin da ke riƙe shi a ciki. Jini ya jiƙa wando ya sauka a tabarma.

Muka sa shi a mota. Na ce wa wana ya jira ni, zan raka su in nuna musu ƙofa in dawo.

Da muka isa na zauna a benci. Na ce yau mai jinya ɗansa ne. Majo ya dube ni, ya shiga da su. Ina ji daga waje.

“Baba, ni ne. Ɗanka ne. Kwanta a yi maka magani.”

“Ban san ka ba. Ku kama shi, shi ya kore mini shanu!”

“Baba, dube ni da kyau.”

“Ɓarawo! Yaya! Ina Yaya?”

Gado ya fara bugun bango. Na kafa ido a ƙasa ina kallon tururuwa. Na ce a raina ba ni tashi. Ɗansa ne, jininsa ne, su ƙarata. Ƙanin mijina ya gwada faɗa, ya gwada lallashi, har ya gwada cewa Auta da muryarsa ta namiji, tsohon ya tofa masa yawu. Can ya fito, rigarsa duk jini, ya tsaya a gabana. Bai kira ni matata ba.

“Don Allah,” ya ce.

Majo na bayansa da safar hannu, ya ce jinin bai tsaya ba, in gudaji ya toshe hanyar aikin zai fi ƙarfin nan.

Na ja gyale na shiga. Ban ma ɗaga murya sosai ba. Ya kwanta, ya kama zanena, ya ce wani ya zo zai sace shi. Na ce na kore shi.

Bayan an gama muka zauna gindin bedi, wato itacen dogon yaro, ni da ƙanin mijina. Ya daɗe yana juya wayarsa a hannu. Ya ce matarsa ba za ta iya ba, shi ma ba zai iya ba, ko hanyar Yamai tsohon ba zai kai ba in ba ni a motar. Ya ce in zo mu tafi tare, akwai ɗaki.

“In tahi a matsayin wa?” na ce.

Ya mai da wayar aljihu. Na ce to a bar shi a ɗakinsa, nan ya fi sanin bango.

Aka riƙe mu a likita har jinin ya tsaya. Wana ya gaji da jira ya biyo mu. Ya same ni ina wanke wando a famfo. Ya ce kayana suna kan amalanke, inna ta sa an share mini ɗaki. Na ce ya koma ya sauke su, ya ce da inna sai wata kakar.

“Wace kakar?” ya ce.

Na ce ban sani ba. Na matse wandon na shanya a kan waya, na koma ciki kafin tsohon ya farka ya lalubi robar.