Zarton da Inna Tabawa Ta Ji a Gindin Dutse

Wata rana, a wani ƙauye da ke jingine da dutse, wata tsohuwa mai sana'ar daddawa, Inna Tabawa, ta fito shara da sassafe, sai ta ji wani sauti daga wajen gonarta.

Gurr, gurr, gurr. Kamar ana jan zarto a jikin itace.

Ta tsaya ta kasa kunne. A can ɗorawarta take, wadda marigayi mijinta ya bar mata. Da kalwarta take yin daddawa, da daddawar take ci.

Kuma mutum ɗaya ne mai zarto a duk ƙauyen: Iro kafinta, maƙwabcinta. Ko bara ma ya taɓa cewa itacen nan zai yi katako mai kyau.

Biri ya yi kama da mutum.

Inna ba ta tambaye shi ba. Ina ruwanta da tambaya, tunda kunnenta ya riga ya yanke hukunci? Sai ta daina amsa gaisuwarsa. A bakin rijiya ta shaida wa mata cewa Iro na yanka mata itace, a gidan suna ta ƙara gishiri. Da jar akuyarta ta ɓace, shi ma Iro ne.

Kafin a jima, masu kawo masa gyaran ƙofa da turmi suka fara wucewa ƙauyen gaba.

Iro ya aiko matarsa ta faɗa wa Inna cewa shi ma yana jin sautin, kuma ba zarto ba ne, don Allah ta daina zuwa gonar ita kaɗai.

Wannan saƙon ya ƙara tunzura ta. Wato ɓarawo ya ƙirƙiro dodo don mai kaya ta zauna a gida, ko? Ta sallami matar ba tare da ko ruwa ba.

Washegari gari na wayewa sautin ya sake tashi. Inna ta ɗaura zane a ƙugu, ta saɓi taɓarya, ta kama hanya. Yau sai ta kama shi dumu-dumu.

Tana matsowa, sautin na ƙara ƙarfi. Har ta fara tsara kalaman da za ta zazzaga masa.

Sai ta ji murya ƙasa-ƙasa daga bayanta.

"Inna, tsaya nan. Kada ki ruga."

Ta waiga. Iro ne, ba takalmi, yana haki, hannunsa babu komai.

A gabanta kuwa zarton bai daina ba.

"Kai Iro, in kana bayana, to wa ke yanka min itace?"

"Ɗaga kanki a hankali, Inna. Haka kukan damisa yake."

Ta ɗaga.

A kan babban reshen ɗorawar, ga jela tana reto. Kusa da ita ga abin da ya rage na jar akuya, da igiyar da Inna ta ɗaura mata da hannunta.

Taɓaryar ta nemi suɓucewa, Iro ya tare ta kafin ta taɓa ƙasa. Ya shiga gabanta, suka riƙa ja da baya taki-taki har suka fita daga gonar.

Ashe ya gan ta ta wuce ƙofar shagonsa, ya yar da aikinsa ya biyo ta.

Kunya ta kama Inna Tabawa fiye da tsoro. Ta bi gida-gida tana warware abin da ta ƙulla. Wasu suka yarda. Wasu suka ce tsohuwa ce, ya lallashe ta. Magana zarar bunu ce.

Damisar ta koma kan dutse da kanta. Ɗorawa na nan, ko alamar zarto babu a jikinta.

Iro kuwa bai kai kaka a garin ba. Aiki ya ƙi dawowa, ya kwashe iyalinsa ya tafi. Da ƙofar Inna ta ɓalle a damina, ba ta sami mai gyara mata ba.

Darasi: Kunne sauti kawai yake ji, zuciya ce ke laƙaba masa sunan mutum. Kafin ka kai sunan wani bakin rijiya, fara kai tambayarka ƙofar gidansa.

In akwai wanda ka daina amsa wa gaisuwa saboda zato, tuna da Iro. Tura wannan ga wani, wataƙila yau ya ajiye taɓaryarsa.